John Downie Falconer

John Downie Falconer (an haife shi ranar 1 ga Nuwamba, 1876, ya mutu ranar 16 ga Afrilu, 1947) masanin ilimin duwatsu da labarin ƙasa ne ɗan ƙasar Sikotland. Shi ya jagoranci binciken ma'adinai na farko da gwamnatin mulkin mallaka ta gudanar a Arewacin Najeriya daga shekarar 1904 zuwa 1909, kuma shi ne darakta na farko na Hukumar Binciken Duwatsu ta Najeriya da aka kafa a 1919. An fi saninsa da littafinsa na 1911, The Geology and Geography of Northern Nigeria, wanda ya yi bayanin duwatsu da yanayin ƙasar Arewa. A cikin wannan littafi ne ya raba duwatsun giranit na ƙasar gida biyu, Tsofaffin Giranit da Sababbin Giranit, rabon da har yau ake koyar da shi a jami'o'in Najeriya.

Wani ɓangare na aikinsa a kan dadadden dutsen da ke shimfiɗe ƙarƙashin Kaduna, Zariya, Kano da Katsina ya yi shi, wato dutsen zamanin Firikambiriya, wanda masana ke kira dutsen tushe. Shekaru 90 bayan fitowar littafinsa, an auna wani dutse daga cikin birnin Kaduna aka samu shekarunsa sun kai miliyan 3,571.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Falconer a yankin Midlothian na Sikotland, kusa da birnin Edinbara. Ya yi karatu a Jami'ar Edinbara, inda ya sami digiri a fannin kimiyya, daga baya kuma ya sami digirin dokta. Bayan kammala karatu ya zama mataimaki ga Farfesa James Geikie, wanda ya riƙe kujerar ilimin duwatsu a jami'ar daga 1882 zuwa 1914, ya kuma yi suna a kan binciken zamanin ƙanƙara.

Edinbara gari ne mai tsohon tarihi a wannan fanni. A nan James Hutton (1726–1797) ya rayu, mutumin da ya nuna cewa ruwa da iska da zafin cikin ƙasa, waɗanda ake gani suna aiki a yau, su ne suka siffanta duwatsu sannu a hankali cikin lokaci mai tsawon gaske. A zamanin da Falconer yake ɗalibi kuma, Ben Peach da John Horne suna ta aikin zana taswirar tsofaffin duwatsun arewa maso yammacin Sikotland, aikin da aka wallafa a 1907. Waɗannan duwatsu na Firikambiriya ne, masu zane-zane da lanƙwashe-lanƙwashe, irin waɗanda Falconer zai je ya tarar a gaɓar kogunan Arewa.

Bincikensa na farko a kan tuddan Bathgate da Linlithgow ya yi shi, a yamma da Edinbara, inda ya nazarci duwatsun da suka samu daga aman wuta. Ƙungiyar masana ta Royal Society of Edinburgh ce ta wallafa aikin, kuma daga baya aka zaɓe shi ɗan ƙungiyar. Wannan horo na tantance duwatsun da suka daskare daga narkakken dutse shi ya yi masa amfani a lokacin da ya isa tsaunukan Jos.

Binciken ma'adinai a Arewacin Najeriya

Ranar 1 ga Janairu, 1900, gwamnatin Birtaniya ta karɓi mulkin Arewa daga hannun kamfanin Royal Niger, ta naɗa Frederick Lugard babban kwamishina. Sojojinsa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris na wannan shekara. Sabuwar gwamnatin ba ta da kuɗin shiga da za su riƙe ta, sai da tallafi daga Landan, saboda haka ta matsu ta san irin arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa. A yarjejeniyar karɓar mulkin ma an bar wa kamfanin rabin kuɗin da gwamnati za ta riƙa karɓa a kan ma'adinai a wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99, abin da ke nuna irin ran da aka sa a kan ma'adinan.

Da wannan manufa aka kafa ayarin binciken ma'adinai biyu a ƙarƙashin kulawar cibiyar Imperial Institute ta Landan, wadda Farfesa Wyndham Dunstan ke shugabanta. Na Kudu ya fara aiki a 1903, kuma shi ne ya gano kwal a yankin Udi a 1909 ta hannun Albert Kitson. Na Arewa ya fara a 1904, Falconer ne shugabansa, Arthur Longbottom kuma abokin aikinsa.

A lokacin babu mota, jirgin ƙasa kuma bai isa Kano ba sai a 1911. Hedikwatar gwamnati tana Zungeru, birnin Kaduna ma ba a kafa shi ba tukuna. Tafiya a kan doki ake yinta, ko a ƙasa, ko cikin kwalekwale a kogin Kwara da na Binuwai, 'yan dako suna ɗauke da tanti da abinci da akwatunan duwatsu. Kayan aikin masu binciken ba su wuce guduma, kamfas, madubin ƙara girma da kaskon wanke yashi ba. Duk abin da suka tsinta sai su rubuta inda aka same shi, a aika da shi Landan don a gwada a ɗakin bincike.

Ma'adinan da suka bibiya yawancinsu mutanen ƙasa sun riga sun san su, suna kuma cin moriyarsu. Maƙera suna narka tama a wurare da dama, ana dafa gishiri a Awe da Keana, ana haƙar tozali a kwarin Binuwai, fatake suna kawo kanwa daga Barno, ana kuma narka kuza a Riruwai ana kai ta kasuwanni. Hasali ma kuzar da ke hannun fatake ce ta sa kamfanin Neja ya aika da mutanensa su nemi asalinta, har injiniyansa H. W. Laws ya hau tsaunukan Jos a 1903. Abin da Falconer ya ƙara a kan wannan sani shi ne danganta kowane ma'adini da irin dutsen da ke ɗauke da shi, da kuma ɗora duka a kan taswira ɗaya.

Littattafansa na 1911

An rufe binciken Arewa a 1909, Falconer ya koma gida ya rubuta littattafai biyu da suka fito a shekara ɗaya. Na farko, The Geology and Geography of Northern Nigeria, kamfanin Macmillan ne ya buga shi a Landan. Yana ɗauke da bayanan da Longbottom ya bari, domin ya mutu kafin littafin ya fito, da kuma rataye na Henry Woods na Jami'ar Kambirij a kan burbushin halittun da aka tsinto. Na biyu, On Horseback through Nigeria, labarin tafiya ne da aka rubuta don sauran jama'a, yana ba da labarin hanya da garuruwa da mutanen da ya gamu da su.

A littafin farko ya kasa duwatsun Arewa manyan kashi biyu. Kashi na farko shi ne dutsen tushe mai ƙyalƙyali, wanda ya mamaye tsakiyar ƙasar Hausa da Gwari da Bauchi. Kashi na biyu shi ne duwatsun da suka samu daga yashi da laka da farar ƙasa da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa, waɗanda suka lulluɓe dutsen tushe a kwarin Binuwai da Gongola, da ƙasar Nupe, da Sakkwato, da yankin tafkin Chadi. Wasu daga cikin sunayen da ya raɗa wa waɗannan shimfiɗu suna nan ana amfani da su, kamar dutsen yashi na Bima, wanda ya ci sunan dutsen Bima da ke ƙasar Gombe, da na Kerri-Kerri.

Dutsen tushe na Firikambiriya

Masana sun ƙiyasta shekarun duniya a kan miliyan 4,540. Zamanin Firikambiriya shi ne duk tsawon lokacin da ya gabaci zamanin Kambiriya, wanda ya fara kimanin shekaru miliyan 539 da suka wuce. Ke nan Firikambiriya ya cinye kusan kashi 88 cikin 100 na tarihin duniya. Kusan rabin faɗin Najeriya duwatsun wannan zamani ne a fili ko a ƙarƙashin 'yar ƙasa da marmara.

Dutsen tushe na Najeriya ya ƙunshi manyan iri uku. Akwai nais, dutse mai ratsin fari da baƙi wanda zafi da matsi suka murɗe, a wasu wurare har ya fara narkewa ya sake daskarewa. Shi ne ake gani a tsakiyar kogin Kaduna da rani idan ruwa ya ja. Akwai shist, dutse mai ɓarewa falle-falle, wanda ya miƙe daga arewa zuwa kudu a wurare kamar Birnin Gwari, Kushaka, Maru, Anka da Zuru, kuma a cikinsa ake samun zinariya. Sai giranit, wanda ya taso yana narke daga can ƙasa, ya kutsa cikin waɗancan biyun ya daskare.

A kan giranit ne Falconer ya yi rabon da ya sa aka san shi. Ya lura cewa wani giranit ya cuɗanya da nais ɗin da ke kewaye da shi, yana ɗauke da alamun matsi irin nasa, wanda ke nuna tare suka sha wuya. Wannan ya kira Tsohon Giranit. Wani kuma ya ratsa duwatsun kewaye da iyaka bayyananniya, babu alamar murɗiya a jikinsa, yana tsaye a matsayin tsaunuka masu gangare, kuma a ƙoramun da ke gangarowa daga gare shi ake samun kuza. Wannan ya kira Sabon Giranit. Hujjarsa mai sauƙi ce: dutsen da ya ratsa wani, dole wancan ya riga shi samuwa.

Falconer ba shi da hanyar sanin shekarun waɗannan duwatsu da lissafi. A shekarar da littafinsa ya fito ne ma Arthur Holmes ya wallafa aikinsa na farko a kan auna shekarun dutse ta hanyar yuraniyam da darma. Da aka fara irin wannan awo a kan duwatsun Najeriya a shekarun 1960, sai ya tabbatar da rabon nasa. Tsofaffin Giranit, irin su dutsen Kufena na Zariya da dutsen Kwatarkwashi, sun samu ne wajen shekaru miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan sassan ɓawon duniya suka yi karo a abin da ake kira tashin duwatsu na Fan-Afirka. Sababbin Giranit kuwa, irin na Jos, Riruwai, Kudaru da Kagoro, yawancinsu na zamanin Jurasik ne, tsakanin shekaru miliyan 200 zuwa 140 da suka wuce. Su saiwoyin tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne, kuma jerinsu ya taso tun daga Azbin a Jamhuriyar Nijar, inda suka fi tsufa, ya gangaro kudu zuwa tuddan Afu a jihar Nasarawa. Tazarar da ke tsakanin iri biyun ta kai shekaru miliyan 400, kuma da ido da guduma ya fara gano bambancin.

Asalin duwatsu tilo

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Zariya, ko ta Gusau, ko ta Abuja, zai ga manyan duwatsu masu santsi sun tashi su kaɗai a tsakiyar fili. Bajamushe Wilhelm Bornhardt ya yi bayanin irinsu a Gabashin Afirka a 1900, masana kuma suka yi ta saɓani a kan yadda suka samu.

Falconer ya kawo bayani mai mataki biyu. A mataki na farko, ruwan sama yana tsatsafowa cikin ƙasa yana ruɓar da dutsen da ke ƙarƙashin fili, amma ruɓewar ba daidai take ba. Inda dutse ke da tsaga da yawa, ruwa yana shiga ya ruɓar da shi har can ƙasa, inda kuma yake dunƙule babu tsaga sai ya tsira. A mataki na biyu, idan ƙasar ta ɗaga ko koguna suka ƙara zurfi, sai zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓen dutsen, dunƙulallen ya fito fili. Ma'ana, dutsen tun yana binne ya sami siffarsa, daga baya aka tone shi.

Wannan ra'ayi bai sami karɓuwa sosai a zamaninsa ba. Daga shekarun 1960 ne Michael Thomas, wanda ya yi nazarin duwatsun Najeriya, da C. R. Twidale na Jami'ar Adelaide a Ostireliya suka farfaɗo da shi, kuma ana ambaton Falconer cikin waɗanda suka fara kawo shi. Bayanin yana da amfani ga masu haƙar rijiya ma. A unguwannin Kaduna kamar Kawo, Malali da Unguwar Rimi, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana taruwa ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da kuma tsagogin da ke ƙasa da shi. Shi ya sa rijiyar burtsatse za ta ba da ruwa a wani gida, a gidan da ke kusa kuma a ci karo da falalen dutse busasshe.

Burbushin halittu

Burbushin halittu su ne ƙasusuwa, ɓawo, ganye ko sawun abin da ya taɓa rayuwa, waɗanda suka zama dutse. Ayarin Falconer ya tsinci irin waɗannan a kwarin Gongola, musamman amonait, wata halittar teku mai naɗaɗɗen ɓawo kamar na dodon koɗi. Henry Woods ya nazarce su ya tabbatar na zamanin Kiritashiyas ne, ya kuma sa wa wani iri suna Vascoceras nigeriense. Shekarunsu sun haura miliyan 90. Samun halittun teku a ƙasar Gombe shaida ce cewa teku ya taɓa malalowa ta kwarin Binuwai ya rufe wannan yanki. Daga baya, a 1930, hukumar da Falconer ya fara shugabanta ta wallafa nazarin W. E. Swinton a kan ƙasusuwan manyan dabbobin ruwa masu jan ciki daga lardin Sakkwato. Ɗaya daga cikinsu shi ne aka sake wa suna Goronyosaurus a 1972, da sunan Goronyo.

A dutsen tushe kuwa labarin daban ne. Nais da giranit ba sa adana burbushin halitta, domin giranit daga narkakken dutse ya samu, nais kuma ya sha zafi da matsin da za su shafe duk wata alama. Ko shist, wanda asalinsa laka ce da yashi, murɗiyar Fan-Afirka ta sauya shi ƙwarai. Rashin burbushi a irin waɗannan duwatsu ba matsalar Najeriya kaɗai ba ce. Charles Darwin ya amince a littafinsa na 1859 cewa rashin ganin halittu a duwatsun da suka gabaci Kambiriya babban ƙalubale ne ga ra'ayinsa. Wani abu da aka samu a Kanada aka sa masa suna Eozoon, aka ɗauka halitta ce mafi tsufa, an tabbatar kafin ƙarshen ƙarni na 19 cewa ma'adini ne kawai. Wannan ya sa masanan zamanin Falconer suka riƙa ɗari-ɗari da duk wani iƙirari na samun halitta a Firikambiriya.

Amsar ta fara bayyana ne a ƙarshen rayuwarsa da kuma bayan mutuwarsa. A 1946 Reginald Sprigg ya tsinci sawun halittu masu laushin jiki a tuddan Ediacara na Ostireliya. A 1954 Stanley Tyler da Elso Barghoorn suka ba da rahoton ƙananan halittu da sai da madubin kimiyya ake ganinsu a duwatsun Gunflint na Kanada, masu shekaru kusan miliyan 1,900. A 1958 Trevor Ford ya yi bayanin Charnia, wata halitta mai siffar ganye da 'yan makaranta suka gani a dajin Charnwood na Ingila, a cikin dutsen da babu shakka na Firikambiriya ne.

A Afirka ma an samu. A yankin Atar na Muritaniya akwai sitiromatolait, wato tarin duwatsu masu hawa-hawa da ƙwayoyin halitta suka gina a ruwa marar zurfi, masu shekaru fiye da miliyan 1,000. A 2010 Abderrazak El Albani na Jami'ar Poitiers ta Faransa da abokan aikinsa suka sanar da wasu siffofi daga kusa da Franceville a Gabon, masu shekaru miliyan 2,100, waɗanda suka ce na halittu ne masu ƙwayoyi da yawa, ko da yake wasu masana suna jayayya da wannan fassara. Alamun rai mafi tsufa da aka fi yarda da su suna yankin Pilbara na Ostireliya da Barberton na Afirka ta Kudu, shekarunsu kusan miliyan 3,500. Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne duwatsunsu ba su sha zafi da murɗiya irin na dutsen tushen Najeriya ba.

Dutsen Kaduna

Ko da yake dutsen tushe bai adana halitta ba, ya adana lissafin shekarunsa a cikin zarkon, wani ƙanƙanin ma'adini da bai kai ƙwayar yashi ba. Lokacin da zarkon ke samuwa yana karɓar yuraniyam amma ba ya karɓar darma. Yuraniyam kuma yana rikiɗewa ya zama darma da saurin da aka sani: rabin nau'in da ake kira 238 yana rikiɗewa cikin shekaru miliyan 4,470. Idan aka auna yawan darma da yuraniyam a ƙwayar zarkon, sai a lissafa lokacin da ta samu. Zarkon yana da taurin da yakan tsira ko da dutsen da ke ɗauke da shi ya sake narkewa.

A 1994 Olivier Bruguier, Silas Dada da Joël Lancelot suka wallafa awon zarkon daga nais ɗin Kaduna, wanda ya nuna akwai wani ɓangare da ya haura shekaru miliyan 3,500. A 2001 Alfred Kröner na Jami'ar Mainz ta Jamus, Barth Ekwueme na Jami'ar Kalaba da Robert Pidgeon na Ostireliya suka wallafa a mujallar Journal of Geology cewa nais ɗin Kabala da ke Kaduna ya samu shekaru miliyan 3,571 da suka wuce, suka bayyana shi a matsayin dutse mafi tsufa da aka auna a Afirka ta Yamma. Don kwatanci, nais ɗin Acasta na Kanada, wanda ke cikin mafi tsufa a duniya, shekarunsa kusan miliyan 4,000 ne. Ke nan dutsen da aka gina wani sashe na Kaduna a kansa sa'a ne ga duwatsun da ke ɗauke da alamun rai na farko a Pilbara da Barberton.

Glasgow da komawa Najeriya

A 1911 Falconer ya zama malamin labarin ƙasa a Jami'ar Glasgow. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1916, ya koma Najeriya a matsayin mataimakin Di'o. Ƙasar ta sauya a bayansa: an haɗe Arewa da Kudu a 1914, ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa Jos a wannan shekara, kamfanonin haƙar kuza sun cika tsaunukan, kuma a 1917 aka mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna.

Bayan yaƙin aka kafa Hukumar Binciken Duwatsu ta Najeriya a 1919, aka ba shi shugabancinta. Aikin da ya fara sa wa gaba shi ne filayen kuza. Rahoton hukumar na farko, wanda ya fito a 1921, shi ya rubuta shi a kan duwatsun filayen kuza na tsaunukan Jos, a 1923 kuma shi da Colin Raeburn suka fitar da wani a kan filayen arewacin lardin Bauchi. Ya bar muƙamin a 1927. Bayan tafiyarsa hukumar ta ƙara mayar da hankali ga neman ruwa da gina rijiyoyi a lardunan Arewa, kuma ta daɗe da hedikwatarta a Kaduna, kudu da kogi.

Yurugwai da mutuwa

Daga 1928 zuwa 1934 Falconer ya yi wa gwamnatin Yurugwai aiki a Kudancin Amurka. Ya nazarci duwatsun arewa da arewa maso gabashin ƙasar, ya wallafa rahoto da harshen Sifaniyanci a kan lardin Tacuarembó a 1931, da wani a 1937. Waɗannan duwatsu na Gondwana ne, tsohuwar babbar nahiyar da ta haɗa Afirka, Kudancin Amurka, Indiya, Ostireliya da Antatika. A yau an san cewa dutsen tushen Najeriya ya ci gaba a arewa maso gabashin Burazil, kuma kwarin Binuwai ya tsage ne a lokacin da tekun Atilantika ke buɗewa tsakanin nahiyoyin biyu. Ya mutu a Ingila ranar 16 ga Afrilu, 1947, yana da shekara 70.

Matsayinsa a tarihi

Ta fuskar ilimi, littafinsa na 1911 ne ake fara ambata a yawancin nazarce-nazarcen duwatsun Arewacin Najeriya. Masu bincike na baya sun gyara abubuwa da dama, sun sake tsara shimfiɗu, sun kuma sa musu shekaru, amma rabon giranit gida biyu da wasu sunayen da ya raɗa sun tsaya. 'Yan ƙasa sun ɗora a kan aikin, cikinsu har da Farfesa Mosobalaje Oyawoye na Jami'ar Ibadan, wanda ya yi nazarin wani dutse na musamman da ke kewayen Bauchi ya sa masa suna bauchait. Hukumar da ya fara shugabanta ita ce ta zama Hukumar Binciken Duwatsu ta Najeriya ta yanzu, wadda ke da ɗakunan gwaje-gwaje a Kaduna.

Ta fuskar tarihi kuwa, aikin nasa wani ɓangare ne na mulkin mallaka. An yi binciken ne don a san abin da za a haƙa a fitar, dokokin gwamnati suka mayar da ma'adinai mallakarta, kamfanonin Turawa suka sami lasisi, sana'ar narka kuza ta gargajiya kuma ta durƙushe. Mutanen tsaunukan Jos sun rasa gonaki, kuma tsakanin 1942 da 1944 an tilasta wa dubban talakawa daga lardunan Arewa aikin haƙar kuza, da yawa suka mutu. Masanin tarihi Bill Freund ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1981 a kan jari da ƙwadago a mahaƙan kuza na Najeriya. Kududdufan da haƙar ta bari suna nan a kewayen Jos da Bukuru. Haka kuma maƙera, mafarauta, 'yan dako da tafintocin da suka nuna wa masu binciken hanya da wuraren ma'adinai suna da kaso a cikin ilimin da aka tara, duk da cewa sunayen Turawan ne ke kan littattafan.